Shekarar da Na Binne Aikin Malama Rifkatu

Ladi, Ishaku, Hannatu, na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona. Baba Yanzu-yanzu. Mahaifiyarku ce ta gaya mini, tana dariya har da riƙe ciki. Ban ji haushi ba. Kun taso kun tarar da uban da in ya aiki ɗayanku, ya ji an ce "bari in gama wannan tukuna," sai ransa ya ɓaci fiye da girman laifin. Kuna zaton haka Allah ya halicce ni. Ba haka ba ne. An yi lokacin da duk layin shagunanmu na Samaru babu mai ja wa mutane rai kamar ubanku. A kan wata baiwar Allah na koyi hankali, kuma ita ce ta yi asarar, ba ni ba. Kun san ta, kuna durƙusawa ku gaishe ta a coci. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na yi mata, kuma gara ku ji daga bakina.

Shagona yana layin da ke kallon jami'a, jikin shagon wata 'yar Ibo da ake kira Madam Ngozi, wadda ita ma buga takardu take yi. Aikina shi ne buga wa ɗalibai furojet, wato littafin binciken da kowa ke rubutawa kafin a ba shi digiri, in ɗinke shi, in sa masa bango mai kauri. Hannuna yana da kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Inda na lalace shi ne yadda nake ɗaukar aiki. Ina da wani babban kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur. Duk wanda ya kawo aiki sai in karɓa, ban taɓa ce wa kowa a'a ba. In ce ya dawo jibi, in jefa a kwali. Da safe in na iso daga unguwarmu Muciya, na sama nake ɗauka. Wanda ya zo ya tsaya a kaina yana duba agogo yana tsaki, shi nake yi wa. Wanda ya yarda da ni ya koma gida ya kwanta, nasa sai ya yi ta nutsewa, kullum ana ɗora masa wani. Ɗalibai sun gane ni sarai. Sukan ce wa junansu Oga Yohanna sai da gadi. Sai su zo da gyaɗa da ruwan leda su cika mini benci, ni kuwa ina jin daɗi wai shagona ya fi na kowa jama'a.

Malama Rifkatu tana koyarwa a wata firamare a Basawa, yawancin 'yan ajinta 'ya'yan sojoji ne. Ta fi shekara ashirin a makarantar nan. Cocinmu ɗaya a Sabon Gari, suna zumuntar mata tare da mahaifiyarku, kuma ita ce ta kwana uku a gidanmu tana dafa ruwan wanka lokacin da aka haifi Ishaku. Da girmanta ta koma karatu, irin wanda malamai ke yi lokacin hutu. A shekarar da nake ba ku labari shugabar makarantarsu za ta yi ritaya, kowa ya san Malama ce ke biye, amma an ce kujerar sai mai digiri, kuma a ƙarshen shekarar za a naɗa. Saura mata abu ɗaya, ta miƙa furojet ɗinta a buge a ɗinke.

Ta kawo mini shi wata Asabar da hantsi, saura mako bakwai a rufe karɓa. Littattafan rubutu ne guda biyar irin na 'yan makaranta, ta ɗaure su da ƙyallen zanen zumunta.

"Baban Ladi, ga wahalata ta shekara biyar. Ba ni da wani kwafi, su ke nan."

"Malama, ki ɗauka an gama."

"Ba zan riƙa zuwa ina damunka ba, ka san yara ba sa barina in motsa. Ai kai na gida ne."

Tana fita na kwance ƙullin, na buɗe littafi na huɗu. Jadawali ne shafi bayan shafi, layuka a tsaye da a kwance, cike da lambobin yaran da ta gwada a karatu. A tafireta na san yadda zan yi da su, da rula da biro. Amma a lokacin jami'a ta daina karɓar aikin tafireta, ni kuma ban daɗe da sayen kwamfuta ta hannu ba. Rubutu zalla na iya. Jadawali ban iya ba. In ɗalibi ya kawo mai jadawali ɗaya ko biyu, sai in ce ya zauna ya yi da kansa wai don kada a yi kuskure. Madam Ngozi ta iya, bango ɗaya ne tsakaninmu. Amma ni ne na yi mata dariya ranar da ta buɗe shago, na ce mai sayar da gwanjo ta shigo sana'ar masu ilimi. Da wane baki zan je in ce ta koya mini? Na mayar da ƙullin yadda yake, na sa littattafan a kwali, na ce Litinin.

Litinin ta zo da ɗalibai uku a kaina. Talata aka ɗauke wuta. Laraba aka kawo katin biki, aiki mai sauƙi, na ce bari in kawar da shi tukuna. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne, wannan shi ne mugun abin. Ba zaman banza nake yi ba. Ina aiki har gumi, amma ina zagaye abu ɗaya kamar mai zagaye rijiya. In wuri ya yi shiru babu kowa, maimakon in sunkuya in ciro, sai in ga ashe injin ɗinki yana son mai, ko in tsallaka wurin mai jarida in karanta labarin ƙwallon da ban damu da ita ba. Ƙafata takan taɓa kwalin nan a ƙarƙashin tebur, sai in ji kamar na taka garwashi, in janye.

Lahadi ta zama mini ranar azaba. Makon farko Malama ta tambaye ni a bakin ƙofar coci, na ce an fara. Na biyu na ce ana kai. Na huɗu, ban san lokacin da bakina ya ce mun shiga babi na uku ba. Ta tafa hannu, ta ce Ubangiji ya sa albarka a hannuwan nan. Daga nan na bar kujerata ta gaba na koma can baya kusa da taga, ina ficewa kafin fasto ya sa albarkar ƙarshe. In mata suka tashi waƙa na hango ɗankwalinta, sai in sunkuyar da kai. Tuwo ya daina wuce mini. Mahaifiyarku ta zaci ciwon shawara ne, ta jiƙa mini sassaƙe, na sha don kada ta tambaye ni wani abu. Ko sallama aka yi a ƙofar gida da muryar mace sai in shige ɗaki. Duk da haka ban ciro littattafan ba. Kullum tsoron yana ƙaruwa, kuma ƙaruwarsa ce ke hana ni taɓa su.

Lahadin ƙarshe ta riga ni fita, ta tsaya daidai inda nake jingine kekena.

"Baban Ladi, kwana biyu kana ɓuya. Juma'ar nan za a tura wa malamin da ke dubawa daga wata jami'a. An ce wanda nasa bai shiga ba sai baɗi."

"Saura 'yan gyare-gyare, Malama."

"To madalla. Zan zo Alhamis bayan an tashi in karɓa."

Za ku ce ai washegari na kama aiki. Ban kama ba. Wanda bai taɓa wannan ciwo ba ba zai yarda ba. Makon rufewa ne, benci cike, kowa yana ihu a kaina, na ce bari in sallame su in samu natsuwa. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ranar Laraba na juye kwalin, na same su can ƙasa, ƙura ta hau ƙyallen. Na ƙirga shafuka, na san ko aljani ne ni ba zan gama ni kaɗai ba. A nan Shaiɗan ya kawo mini shawara. A lokacin kowa yana maganar cutar da ke shiga kwamfuta ta cinye aiki. Na ce shi ke nan, zan ce na gama tsaf, cuta ta shiga ta share. Wa zai ƙaryata ni? Na sa littattafan a jaka na tafi gida da wuri, ina maimaita maganar a kan keke don ta zauna a bakina.

Na tarar da mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida. Na rataye jakar na shiga wanka. Da na fito, tana zaune a kan turmi, littattafan suna kan cinyarta. Ta buɗe jakar ne ta ciro kwanon abincina, ta ga zanen da ita ma take da irinsa.

"Wannan ba na Maman Dauda ba ne?" Haka take kiran Malama.

Na fara karanto mata abin da na haddace. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

"Baban Ladi, dube ni. Littafin da aka buga shafi-shafi, gefensa yakan yi baƙi da yatsa. Shekara nawa ina share maka shago? Waɗannan ko buɗe su ba a yi ba."

Ta ajiye littattafan a gefe, ta ci gaba.

"Ashe shawarar ke nan da nake ta jiƙa wa magani."

"Saratu, ki rufa mini asiri. In na faɗi gaskiya na mutu a Samaru, na mutu a coci."

"Ita fa? Matar da ta wanke mini jini? Ka ji ni da kyau. Gobe da safe ko ka je Basawa da ƙafarka, ko ni in je da tawa. In ni na je, ba zan rage komai ba."

Tunda muka yi aure ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na so in yi fushi, na nemi inda zan tsaya in yi shi, ban samu ba.

Da safe na tafi. Hanyar Basawa ba ta taɓa yi mini gajarta kamar ranar ba. Sau biyu ina tsayawa wai in duba tayar keke. Na iske yara sun yi layi suna waƙar shiga aji, Malama tana gabansu da 'yar sanda a hannu. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta duba hannuna tana neman bango mai kauri. Na ja ta gefe, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, na faɗa mata.

"Babi nawa ka buga?"

"Ko layi ɗaya, Malama."

"Ranar da ka ce mini babi na uku fa?"

"Ƙarya na yi."

"A ƙofar coci."

"A ƙofar coci."

Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ta dubi yaranta suna shiga aji, sannan ta ce in jira ta nemi izini. Na bar keken a makarantar, muka hau mota zuwa Samaru.

Abin da na guje wa mako bakwai, a ranar na yi shi sau biyar. Na raba littattafan, na bi shagunan abokan hamayyata ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, a makon da kowa aiki ya yi masa yawa. Wani ya ƙi. Wani ya karɓa bayan ya ja mini rai a gaban ɗalibai. Littafi na huɗu, mai jadawali, na kai wa Madam Ngozi. Ta juya shafukan, ta dube ni ta saman tabarau.

"Oga Yohanna, wannan aiki ya kwana nawa a wurinka?"

Na faɗa mata, na kuma faɗa mata dalili, tunda ba sauran abin ɓoyewa.

"Chineke! Saboda tebur, wannan jadawalin? Zo nan. Zo ka zauna, mai ilimi."

Ta kama linzamin kwamfuta, ta danna nan, ta danna can, layuka suka fito da kansu. Ta sa na yi da hannuna. Na yi. Ta sa na sake. Kafin ruwan shayin da ta ɗora ya tafasa na iya. Na zauna ina kallon allon nan. Abin ke nan. Abin da ya hana ni cin tuwo, ya kore ni daga kujerata a coci, ya sa na yi wa mutuniyar kirki ƙarya, bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Malama ta zauna a bencina tana karanta duk shafin da ya fito, tana gyara da jan biro. Muka yi Alhamis, muka wayi gari Juma'a muna yi. Aikin hannu biyar ba ya haɗuwa da sauƙi, lambar shafi ta wannan ba ta bi ta wancan ba, sai da na sake jera su. Idona yana kan agogo, agogon yana gudu kamar ana korarsa. A raina ina cewa ofis sai ƙarfe huɗu yake tashi, muna da lokaci. Ban tambayi kowa ba. Ita an ce mata Juma'a, ni kuma na ƙara wa Juma'ar awowi daga kaina, yadda na saba ƙara wa kowace rana. Wajen biyu da rabi na ciro kwafi huɗu daga injin matsi, gam bai gama bushewa ba. Muka hau acaɓa biyu zuwa sashensu a cikin jami'a.

Sakataren sashen mutumin kirki ne, ya tashi tsaye da ya ga shekarunta. Ya ce tun ƙarfe sha ɗaya direba ya tafi da kwalin littattafan ɗalibai, don ya samu ya isa kafin masallaci ya tare hanya. An rubuta sunaye, shugaban sashe ya sa hannu, an rufe. Na ce a ba ni kwatance in bi shi tasha yanzu, ko ina ne zan kai da kaina. Ya girgiza kai, ya ce malamin ba ya duba aikin da sunansa ba ya cikin takarda. Na durƙusa a ofishin nan, na ce laifina ne, ni ne mai bugawa, a hukunta ni. Ya ce, "Baba, tashi. Ba a kanka dokar take ba."

Muka fito baranda. Ta karɓi kwafin huɗun daga hannuna, ta rungume su a ƙirji. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ya isa, Baban Ladi. Da laifina. Ɗaliban nan sun gaya mini sai an yi maka gadi. Na ce musu a'a, wannan nawa ne."

Ta sauka matakala ta tafi. Ban bi ta ba.

A ƙarshen shekarar aka naɗa shugabar makaranta. Wata ce mai digiri da aka kawo, wadda Malama ta koyar da ita a aji huɗu. Malama ta karɓi nata digirin da shekara ta zagayo, amma kujera ta riga ta samu mai ita, kuma yarinya ce mai sauran shekaru a gaba. Haka ta ci gaba da shiga aji da alli, tana gaida ɗalibarta da "ranki ya daɗe" kowace safiya. Ba ta kai ƙarata wurin dattawan ikilisiya ba. Ba ta daina zuwa gidanmu ba in an yi rashin lafiya. Ko mijinta ban san abin da ta gaya masa ba, don bai taɓa canza mini fuska ba.

Kada ku zaci na gyaru a rana ɗaya. Litinin ɗin da ta biyo na juye kwalin a kan tebur, na jera ayyukan daga wanda ya fi daɗewa. Na samu takardun wani tsoho da ya kawo tarihin garinsu tun kafin Kirsimeti. Na samu na wata da ta gaji ta daina zuwa. Waɗanda na san ba zan iya ba na bi masu su na mayar, ina shan kunya ƙofa-ƙofa. Na kafa doka, wanda ya fara kawowa shi ake fara yi wa, ko yana nan ko ba ya nan. Masu gadi suka yi fushi, wasu suka kwashe nasu suka koma wani shago, benci ya yi fayau har na tsorata. Na koyi cewa "ba zan iya a makon nan ba," kalmar da ta fi mini dutse nauyi. Mahaifiyarku kuma ta ɗauki wata al'ada. Kullum ina ɗaure jaka a keke sai ta tambaye ni wane aiki ne ba na son gani yau. In na faɗa, sai ta ce to shi za ka fara. Da yamma ta tambaya. Sau da yawa nakan koma gidan jiya, in ji ƙafata tana neman hanyar mai jarida. Har yau da furfurata, in aka kawo abin da ban iya ba, bakina yakan so ya ce jibi. Ciwon bai tafi ba. Na dai san shi, ina ganin tahowarsa tun daga nesa. Da shekaru suka tafi mutane suka riƙa aiko aiki daga unguwannin Kongo da Basawa da Jama'a ba tare da sun zo ba, don an ce in Yohanna ya ce Talata, Talata ce. Da wannan suna na biya muku makaranta. Ku san a kan wa aka gina shi.

Da Malama ta yi ritaya, aka shirya mata sujadar godiya. Wata safiya sai ga ta a ƙofar shagona, karo na farko tun waccan Juma'a, ta tsufa, tana dafa bango. Ta miƙo mini takarda ɗaya, tsarin sujadar, tana son kwafi ɗari. Na karɓa da hannu biyu. Na ce akwai aiki biyu a gabanta, amma kafin la'asar zan kai mata har gida da kaina, ta je ta huta, rana tana yi.

Ta yi murmushi, irin na wanda ba ya riƙe da kowa a zuciya. Ta share bencin da gefen gyalenta, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Na sani, Baban Ladi. Kowa yana yabonka yanzu. Yi aikinka a hankali, zan jira."

Na ce wallahi ba sai ta jira ba.

"Zan jira," in ji ta.

Ta zauna awa uku. Na gama na gaban nata, na buga nata, ta karanta, ta ƙirga, ta yi mini godiya, ta ce in gaida Saratu da yara. Na raka ta bakin titi na tsayar mata da mota. Ta yafe mini tun da daɗewa, wannan ba na shakka. Amma ba ta sake barin takardarta ta kwana a hannuna ba, kuma ban ga laifinta ba.